Koren Gajimare

Girman kai ne laifin tsohon nan, kuma ga abin da ya ja masa.

Wata magariba wani gajimare kore ya buɗe can ƙololuwar sama, arewa da Dakoro, ya rikiɗe ja. Shekara arba'in ƙauyensu ba ya shuka sai tsohon ya dubi sama ya ba da izini. Ya ce damina ce ta aiko, kowa ya yi binne, a sa iri cikin busasshiyar ƙasa kafin ruwa ya sauka.

Ɗiyarsa, mai aikin binciken sararin sama, ta kira shi a talho.

"Baba, don Allah kada ku shuka. Sinadari ne aka watsa da roka, can inda hadari ba ya kaiwa. Mun auna shi da na'urar rada, amsar ta dawo mana. Ko ɗigon ruwa babu ciki."

"Ke! Ni da na kai ki lakwal kika yi boko, ni za ki koya wa duban sama? Kada ki sake kirana."

Ta bi umarninsa.

Wata guda da rabi rana na gasa gonaki. Ɓeraye da tururuwa suka kwashe iri.

Ya rasa tiya talatin ta irin hatsin da ya gada wurin ubansa. Ya rasa masu zama a tabarmarsa. Ya rasa muryar ɗiyarsa.

Ranar da ruwan gaskiya ya taso, shi ya fara jin ƙamshinsa cikin iska. Ya juya da sauri zai faɗa wa mutane, babu kowa a bayansa.