Shafi na Arba'in da Biyu

Har an ce a shafa fatiha a watse daga taron kasafin kuɗi, sai Ramatu ta miƙe daga layin mata. Ungozoma ce, shekara goma sha tara tana karɓar haihuwa a ɗan asibitin ƙauyensu da ke kan hanyar Shinkafi, kuma yanzun nan aka karanta cewa kasafin baɗi ya rufe shi.

Daraktan kasafi, Maiwada, shi ya karanta. Ya yi bayani tiryan-tiryan: bashi ya yi wa ƙasa katutu, kuɗin da ke zuwa daga sama sai masu bin bashi sun yanki nasu kafin ya iso, naira kuma ta zama takarda. Dole a tsuke bakin aljihu. Mai naƙuda sai ta tafi Kaura.

Kaura! A kan babur, a hanyar da ko maza ba sa bi bayan la'asar? Ran Ramatu ya ɓaci ƙwarai, ita kuwa ba ta iya haɗiye magana ba.

Shugaban taron ya ce ta zauna, lokaci ya ƙure.

"Ba ni zama," in ji ta. "Wannan bawan Allah ya buɗe muna shafi na arba'in da biyu."

Maiwada ya sunkuyar da kai yana gyara tabarau, ya ce ai wannan shafin ba na yau ba ne. Ta ce to na yaushe ne, na ranar tashin ƙiyama? Mata suka kwashe da dariya. Wani ɗan sanda ya matso. Hajiya Rahina mai awon gero, wadda jikokinta shida a hannun Ramatu suka faɗo, ta sha gabansa ta ce sai dai a fitar da su duka.

Ga kuma 'yan rediyo sun miƙo na'urorinsu. Shugaba ya harari Maiwada, ya ce ya karanta a wuce wurin. Shi kuwa ya karanta daki-daki, da ƙarfi, ko layi bai tsallake ba: sabbin motoci shida na manya, kujerun ofis, har da shayin taro. Kuɗin mota guda zai riƙe asibitin shekara uku.

Zaure ya kaure da hayaniya. Kafin azahar an soke mota biyu, asibiti ya koma cikin kasafi. Shugaba ya rantse duk wanda ya fitar da takardar nan a bakin aikinsa, ya umarci Maiwada ya binciko masa wace ce wannan fitinanniyar mata.

Ramatu ta taka ita kaɗai har bayan tasha, inda babu idon ma'aikata. Can sai ga babur ya tsaya gabanta, ta gyara mayafi ta hau.

"Maman Nabila, kin daɗe ba ki tashi ba, har na ɗauka kin manta shafin da na naɗe maki," in ji mijinta Maiwada, ya ja babur suka nufi gida.