Kai Ma Sai Baɗi

"Hannunta bai kai kunne ba," in ji Baturen makaranta. "Sai baɗi."

Haka ake ɗaukar 'yan makaranta a Zuru: yaro ya ɗora hannu bisa kai, in ya taɓo kunnen wancan gefen, ya isa karatu. Jikanyata ta miƙa har tana ɗage, saura ƙiris. Kafin baɗi kuwa gona ta cinye ta, shi ke nan.

Ni ko bihim ban sani ba, amma na yi yaƙin Bama, na ga Bature na makyarkyatar zazzaɓi kamar kowa. Na ƙame na sara masa.

"Ranka ya daɗe, ashe a kunne ilimi yake? Nuna mata yadda ake yi mana."

Mutum ne mai teɓa, ga kwat ta matse shi. Ya ɗaga hannu, ya yi nishi, ya ƙara. Sai kwat ta yage a hammata, yatsa bai kai ba.

"To, ranka ya daɗe, kai ma sai baɗi."

Ya yi dariya har da hawaye, ya jawo rajista.

"Saje, yaya sunanta?"