Rigar Damina Biyu

Ranar da ayarin Zazzau ya yada zango a Maska, uzurin wani tsohon maɗinki ya ƙare. Damina biyu ke nan rigar amininsa tana rataye a zaure, saura ɗan adon ƙirji da bai kai aikin yini guda ba. Kullum ya ɗauki allura sai ya tuna dangar gona ta faɗi, ko ya ce zaren bai rinu ba, ko ya zauna yana wasa almakashi har la'asar. Aminin nan kuwa, wanda suka tashi tare, ya ce da an gama rigar zai koma wurin ɗansa a Zazzau, ba dawowa.

"Malam, ka sallami bawan Allah," in ji matarsa. "Gobe ayarin zai tashi."

Ya zauna, kafin azahar ya gama. Da aminin ya zo, ya miƙa masa.

Aminin ya baza rigar, ya daɗe yana dubawa. Ba ta da aibu ko ɗaya, kuma su duka biyun sun sani.

"Wuyan ya karkace," ya ce, yana gyara zama a tabarma. "Warware ka sake. Kuma kada ka yi mini gaggawa."