Maɓalli na Huɗu

"Ba laifin hannunka ba ne, malam," in ji mai gyaran kwamfutar da ya zo daga Safana. "Wannan tsohon kibod ɗin maɓalli uku kawai yake ji a lokaci guda. In an danne uku, na huɗun ko da guduma ka buga ba zai amsa ba."

Shekara biyu ke nan ni da aminina muna buga wasan ƙwallo a kibod ɗin nan, kowa da ɓangarensa, tun da muka gudo Batsari daga Ruma da tabon harsashi a hannuna. Duk sanda na zo bakin raga, sai ɗan wasana ya sandare. Sai aminina ya girgiza kai ya ce, "Wallahi hannun nan ya mutu, sai haƙuri."

Na yarda da shi. Har keken ɗinkina na bar masa, da kwastomomina.

Na sunkuya na duba ɓangaren aminina a kibod ɗin. Can gefe akwai maɓallai uku da ba su da wani aiki a wasan. Yatsunsa sun cinye haruffansu tas.