Zanen Agana na Galadima

Shekarar da masu shimfiɗa sabuwar hanyar jirgi suka tono tsofaffin kaburbura, agana ta dawo ta cinye rabin Daular Tafki. Manya suka gudu kan duwatsu, suka bar mana gawarwaki. Yanzu doka ta ce ba mai riƙe sarauta sai wanda cutar ta ci fuskarsa ya tashi, tunda ba ta kama mutum sau biyu. Ranar naɗi ma sai ya shiga unguwar masu jinya ya gaisa da su hannu da hannu. Na'urar ƙofar fada kuwa fuska kawai take dubawa.

Abin da ya kawo Galadima Barmo rumfata ta wanzanci ke nan da hantsi, fuska sumul kamar ta jariri.

"Wanzam, ka yi min irin naka," in ji shi. "Amma kar ka taɓa hanci."

"Ranka ya daɗe, ni agana ba ta tambaye ni inda nake so ba."

Na sa tsinke a wuta na fara. Tun ɗigon farko yake salati, mutumin da ya kulle ƙofar gari 'ya'yana na ciki. Da na gama ya ɗauki madubi yana juya kunci, har da murmushi.

"In ya warke na'urar za ta bar ni in wuce?"

"Za ka wuce, ranka ya daɗe. Majalisar bara kaf a kan tabarmar nan suka zauna."

"Allah Ya jiƙansu," ya ce, bai ko sauke madubin ba.