Agogon Nazifi

Ranar da aka kira Nazifi gwajin aikin banki, wata shida da gama jami'a, ko lissafi ɗaya ba a tambaye shi ba, don na'ura ke wannan yanzu. Agogo kawai aka ɗaura masa, wanda ba ya nuna lokaci sai haske: kore in zuciya na kwance, ja in ta motsa. Aka shigo da wata tsohuwa ta yi ta kuka a gabansa. Hasken bai canza ba.

"Ka samu aiki," in ji manaja. "Amma ba a cire agogon ko a gida. In ya yi ja sau uku a shekara, ka bar mana kujera."

Da la'asar ya isa gida Funtuwa, ya tarar da tabarmi a ƙofa, takalma birjik a zaure. Inna, mahaifiyarsa, ta ja shi ɗaki. Ta san dokar agogon, kamar kowa.

"Nazifi, Baffa Ɗantsoho ne, jikin ya yi tsanani."

"Ya rasu ke nan, Inna?"

"Tun da hantsi. Har an kai shi. Mun ƙi kiranka ne."

Baffan nan shi ya sayar da gonarsa ya kai Nazifi jami'a. Nazifi ya tsaya yana jiran baƙin ciki ya zo masa, amma shiru. Akuya na kuka a tsakar gida. Inna kuwa ba fuskarsa take kallo ba, hannunsa take kallo.

Hasken kore ne shar.

"Alhamdu lillahi," ta ce, ta share hawaye da bakin mayafi. "Je ka karɓi gaisuwa."