Ranar da Na Haɗa Kan Ƙungiyarmu

Da jam'iyyu biyu suka ƙulla ƙawance suka kafa gwamnati a Faransa bayan zaɓen majalisa na 1986, na fi kowa zumuɗi, ko da yake ba ni da ƙuri'a. Ni ne shugaban wata ƙungiyar ɗaliban Nijar, kuma siyasa nake karantawa a Lyon.

Ƙungiyarmu ta daɗe a rabe, 'yan Paris ba su ga-maciji da 'yan Lyon. Na tara su a wani gidan abinci a unguwar Belleville da ke Paris.

Na ce, "'Yan'uwa, ku dubi Nasara. Manyansu ba su ko gaisawa, amma da suka gano abin da ya dame su duka, sai suka haɗa kai suka kawar da shi."

Na yi ta zuba har shinkafata ta huce. Jagorar 'yan Paris, wata mai karatun likita, ta yafito jagoran 'yan Lyon, abokin ɗakina, suka fita waje. Na raka su da murmushin malami.

Da suka dawo ta ce, "Shugaba, mun gode. Mun gano abin da ya dame mu duka."

"Madalla! Mene ne?"

Abokin ɗakina ya kau da ido, ya ce, "Wanda ya yarda a sauke shugaba ya ɗaga hannu."

Hannaye suka tashi ta ko'ina, 'yan Paris kafaɗa da kafaɗa da 'yan Lyon. Ni na miƙe na ƙirga su, don har lokacin ni ne shugaba.